Al-Kindi, Malamin Fadar Bagadaza da Ya Rubuta Sirrin Turare

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai turare a Kasuwar Wuse, yana shinshina kwalba yana tantamar ko miskin na gaske ne, ya gaji wata damuwa da Abu Yusuf Yaƙub bin Ishaƙ al-Kindi ya san ciki da bayanta fiye da shekara 1,000 da suka shuɗe.

An haife shi a Kufa wajen shekarar 801, mahaifinsa kuwa gwamnan garin ne. Ya yi suna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, daga baya Halifa Mu'utasim ya danƙa masa karatun ɗansa Ahmad. Ya bar rubuce-rubuce sama da 200, daga falsafa da lissafi har zuwa dabarar warware rubutun sirri.

Cikin littattafan da ake jingina masa akwai Kimiya'ul Iɗri wat-Tas'idat, mai ɗauke da haɗe-haɗe 107 na turare da mayukan ƙamshi. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne yadda ake tatsar ƙamshin fure. A zuba furen wardi a tukunya, a kife ta da murfi mai dogon hanci, a ɗora ta bisa tafasasshen ruwa domin kada harshen wuta ya ƙona furen. Tururi ya tashi ɗauke da ƙamshi, ya huce a jikin murfin, ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Ruwa da zafi da haƙuri, shi ke nan kayan aikin. A yau masana'antu da dama na jiƙa fure a sinadaran da ake samu daga man fetur, masu neman hanya mai tsafta kuma suna komawa ga ruwa da tururi.

Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya kuma koyar da yadda ake kwaikwayon miski da ambar da za'afaran da kayan araha. Abin da ɗan ban dariya, domin Al-Kindi ne ya rubuta raddi ga masu iƙirarin mayar da ƙarfe zinariya.

Zaman fada bai ƙare masa lafiya ba. A mulkin Halifa Mutawakkil, wanda ya hau a 847, Muhammad da Ahmad, 'ya'yan Musa bin Shakir, waɗanda su ma malaman fada ne, suka kai sukarsa. Aka yi masa bulala, aka kwashe littattafansa kaf. Masu tarihi sun ruwaito cewa ba su dawo hannunsa ba sai da aka yi kuskure a aikin haƙa wata hanyar ruwa da halifa ya ɗora wa 'yan'uwan biyu. Da suka nemi Sanad bin Ali ya rufa musu asiri, sai ya gindaya musu sharaɗin mayar wa Al-Kindi littattafansa.

Ya rasu a Bagadaza wajen 873. A 1948 Karl Garbers ya buga littafin turaren tare da fassararsa ta Jamusanci.