Malam Ummarun Dallaje Da Littafin Da Ya Roƙa Daga Sakkwato

A wannan mako za mu waiwayi Malam Ummarun Dallaje, Allah Ya jiƙansa, wanda ya fara sarautar Katsina bayan jihadi. Mutumin garin Dallaje ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi da Malam Na Alhaji da Ummarun Dumyawa suka karɓo tuta, aka ci birnin a 1807.

To, cin gari daban, riƙonsa daban. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa laifuffukan sarakunan da: cin tara a maimakon haddi, da danne gadon mamaci, da karɓar toshi a wurin shari'a, da tatsar 'yan kasuwa. Mai karatu ya lura da hikimar hanin. Idan tarar ɓarawo aljihun sarki take shiga, ƙarewar sata hasara ce gare shi. Idan kuwa falke ya san ranar da ya mutu a gari dukiyarsa ta zama ta fada, ba zai sauke kayansa a nan ba. Amma in an toshe waɗannan kafofi, da me za a ciyar da alƙali da dogari?

Malam Ummaru bai ji nauyin tambaya ba, abin da ya yi ƙaranci ga masu mulki. Ya nemi Muhammadu Bello ya rubuto masa ƙa'idojin mulki, Bello ya wallafa masa Usulus Siyasa, mai ginshiƙai bakwai. A cikinsu ya ɗora wa shugaba raya manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, a rarraba su a garuruwa, a gina kasuwanni, a gyara hanyoyi, a tanadi abinci. A fahimtata amsar ke nan: baitulmali na halal ba ya cika sai rumbun talaka ya cika, domin daga can zakka take fitowa.

Sai dai yaƙi bai bar shi ya huta ba. Zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, hare-hare suka tsananta, fatake suka karkata zuwa Kano. Ya rasu a 1835, ɗansa Siddiƙu ya gaje shi. Lokacin da Bature Barth ya iso Katsina a 1851, ya tarar da yawancin cikin ganuwa fili ne. Gidan Dallazawa ya riƙe sarauta har 1906.