Linus Pauling, masanin da ya gano tushen amosanin jini

Duk saurayi da budurwar da suka je asibiti a Mubi ko Abuja don gwajin jini kafin aure, aka miƙa musu takarda mai ɗauke da AA, AS ko SS, suna cin gajiyar aikin wani Ba'amurke ne da bai taɓa zama likita ba. An haifi Linus Pauling a Portland ta jihar Oregon ranar 28 ga Fabrairu, 1901. Mahaifinsa, mai sayar da magunguna, ya rasu sa'ad da Linus yake ɗan shekara tara. Da ƙwadago ya tallafi karatunsa, har ya samu digirin digirgir kan kimiyyar sinadarai a Caltech a 1925.

A 1945 wani likitan Jami'ar Harvard, William Castle, ya ba shi labarin cewa jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila suna lanƙwashewa kamar lauje ne idan iskar oksijin ta yi musu ƙaranci. Nan take Pauling ya zargi himogulobin, sinadarin da ke dakon oksijin a cikin ƙwayar. A 1949, shi da ɗalibinsa Harvey Itano da wasu abokan aiki biyu suka ratsa sinadarin da wutar lantarki, suka ga na mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya, mai AS kuma yana ɗauke da nau'o'in biyu. Wannan dabara ce, bayan an sauƙaƙa ta, ake aiki da ita a ɗakunan gwajinmu.

Waɗanda suka biyo sawunsa ne suka warware sauran ƙullin. Himogulobin na sikila ba shi da ƙwari, yakan saki guggubin oksijin masu cin fatar ƙwayar jini kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Lafiyayyar ƙwaya tana da famfon da ke fitar da kalsiyam, ba ta barin ya taru a cikinta. Idan fata ta raunana, sai kalsiyam ya kwararo ciki ya buɗe wata kafa da Gárdos, masani ɗan ƙasar Hangari, ya gano a 1958. Ta nan fotasiyam ke ficewa, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe ta ƙara lanƙwashewa, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne azabar ƙashi ke tasowa, wadda ke hana gida barci.

Pauling ya karɓi kyautar Nobel ta sinadarai a 1954, sannan ta zaman lafiya ta 1962 saboda yaƙinsa da gwajin makaman nukiliya; fafutukarsa ta siyasa kuma ta taɓa sa gwamnatin Amurka ta hana shi fasfo a 1952. Har yau shi kaɗai ne ya ci Nobel sau biyu ba tare da abokin rabo ba.

Sai dai a ƙarshen rayuwarsa ya yi zarmiya. Daga 1970 ya dage cewa shan bitamin C mai yawa yana kare mutum daga mura, daga baya har ya haɗa da sankara. Gaskiya ne bitamin C yana cikin masu kashe kaifin wancan guggubi, amma gwaje-gwajen asibitin Mayo na 1979 da 1985 ba su ga amfaninsa ga masu sankara ba, shi kuwa bai janye ba. Sankarar mafitsara, wato ta furosteti, ce ta yi ajalinsa a gonarsa da ke Big Sur, Kalifoniya, ranar 19 ga Agusta, 1994, yana da shekara 93.