Sarkin Musulmi Muhammadu Al-Fatih da Biranen Gaɓar Teku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, an haifi Muhammadu ɗan Muradu na biyu a birnin Adirna cikin shekarar 1432. Ya yi karatu a gaban manyan malamai, cikinsu har da Shehu Aƙ Shamsuddin. Yana ɗan shekara 21 Allah Ya ba shi nasarar buɗe Ƙusɗanɗiniyya, wato Istambul ta yau, ran 29 ga Mayu, 1453, daidai da shekarar 857 bayan Hijira.

A wancan zamani akwai wasu biranen Italiya biyu na fatake, Benis da Jenowa, waɗanda ba su da sarki na gado sai majalisar attajirai. Ƙarfinsu a kan ruwa yake. Kamar yadda ayarin da ke ratsa Tasawa da Damargu zuwa Agadas ba ya iya tafiya sai da zango da rijiya, haka jiragensu suke bukatar tashoshi. Don haka suka mallake biranen gaɓa, ciniki ya zama sai ta hannunsu.

Al-Fatih ya gane cewa wanda ya riƙe zango shi ke da hanya, sai ya ƙarfafa rundunar jiragen ruwa. Mutanen Jenowa da ke Galata suka miƙa wuya a 1453, ya rubuta musu amana a kan rayukansu da dukiyarsu da addininsu. A 1475 rundunarsa ta karɓe Kafa daga hannun Jenowa. Benis kuwa sai da aka shekara 16 ana gwabzawa, daga 1463 zuwa 1479. Tsibirin Negroponte ya faɗi a 1470 bayan zubar da jini mai yawa. Da aka yi sulhu, Benis ta saki Ishkodra, ta yarda da biyan zinariya dubu 10 duk shekara don a bar ta ta ci gaba da fatauci.

Bai tsaya ga yaƙi ba. Ya gina babban masallaci a Istambul da makarantu takwas kewaye da shi. Ya rasu a 1481.

Abin lura a nan, al'ummar da ta bar ilimi da mashigar kasuwarta a hannun wasu, to sai abin da aka sam mata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu amfana, amin.