Shehu Izzuddini, Sarkin Malamai, Da Haƙƙin Dabbobi

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, malamin mazhabar Shafi'iyya wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Malamai. An haife shi a birnin Dimashƙa wajen shekarar 1181. A can ya yi karatu, har ya zama mai huɗuba a babban masallacin Banu Umayya.

A shekarar 1240 Sarkin Dimashƙa, Salihu Isma'ila, ya miƙa wa mayaƙan Nasara waɗansu garuruwa masu ganuwa, don su taya shi yaƙi da Sarkin Masar. Shehu ya la'anci wannan aiki a kan mumbari, aka tuɓe shi, aka tsare shi. Da aka sake shi sai ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, inda aka naɗa shi babban alƙali. Sa'ad da Tattar suka doso Masar kuwa, ya hana a aza wa talakawa harajin yaƙi sai manyan fada sun fara fito da zinariyarsu.

To, wannan malami da ya tsaya wa talaka a gaban sarki, shi ne kuma ya tsaya wa dabba a gaban mai ita. A littafinsa Ƙawa'idul Ahkam ya zayyana haƙƙoƙin da dabbobi ke bin ɗan Adam. Wajibi ne mai dabba ya ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwo har ba ta da sauran amfani. Kada ya labta mata kayan da ya fi ƙarfinta, kada ya haɗa ta da wadda za ta tunkuye ta ko ta karya ta. In zai yanka, ya kyautata yanka, kada ya fara fiɗa sai rai ya fita, kada kuma ya yanka ɗa uwarsa tana kallo.

Abin lura, Shehu bai hana cin nama ko hawan jaki ba. Amma cinikin mutum da mutum ba ya inganta sai da yarda, ita kuwa dabba ba a taɓa tambayarta ba, ba ta da bakin cewa ta ƙi. A ganinmu shi ya sa nauyin duka ya koma wuyan mai ita. Wanda ya rataya kaji kai ƙasa a bayan babur daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari cikin rana, ko ya cusa awaki a mota har wata ta danne wata, ai da shi Shehu yake, ko da kuwa ba ya tauye mudu.

Shehu ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a makarantar Salihiyya. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1262, wato 660 bayan Hijira, Sarki Baibaras da kansa ya halarci jana'izarsa. Allah ya ji ƙansa, amin.