Mama Susanna Wesley, matar fasto da ta riƙe gida cikin bashi

A fitowar bikin cika shekara ta bana mun ga ya dace mu tuna da wata uwa ta ƙasar Ingila. Duniya ta san 'ya'yanta, John Wesley da ya kafa ɗarikar Metodis, da Charles mai rubuta waƙoƙin sujada. Ita kuwa ba kasafai ake ba da labarinta ba.

An haifi Susanna a Landan a 1669, ita ce autar gidan wani fasto mai 'ya'ya 25. A 1688 ta auri Fasto Samuel Wesley, daga baya aka ba shi ikkilisiyar wani ƙauye mai suna Epworth. Ta haifi 'ya'ya 19, tara sun rasu tun suna jarirai. Duk wadda ta taɓa binne ko da ɗaya a cikinmu ta san nauyin wannan lissafi.

Maigidan mai ilimi ne, amma gaskiya kuɗi ba sa zama a hannunsa. Shekara da shekaru yana rubuta littafi a kan Ayuba, gida kuwa bashi ya yi masa katutu. A 1705 aka kulle shi a kurkukun Lincoln saboda bashi. Susanna ta tuɓe zobbanta ta aika masa ya sayar ya ci abinci, shi kuma ya dawo mata da su. A lokacin ne masu ƙinsa suka sassoki shanun gidan, ga shi da madararsu take ciyar da yara. Da babban bishop na York ya tambaye ta ko sun taɓa rasa abinci, ta nuna masa ba su kwana da yunwa ba, amma wahalar samo shi da ta biyan kuɗinsa ba ta da nisa da yunwar. To, wannan magana ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita fa ba ta da adashi, ba ta da ƙungiyar da za ta ranta mata jari.

Sau biyu gobara ta faɗa wa gidan. A ta 1709 komai ya ƙone, ita tana da tsohon ciki, ta taga aka ciro John yana ɗan shekara biyar.

Duk da haka makarantar gidanta ba ta mutu ba. Yaro ya cika shekara biyar, sai karatu, awa shida a yini. Dokarta ita ce ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai, a zamanin da ake ganin allura ta ishi mace. Kowane yaro kuma yana da daren da za ta zauna da shi shi kaɗai, na John shi ne Alhamis. Horonta da tsanani, har da bulala, ba kuma duk za mu ɗauka ba.

Wajen 1712, maigida yana Landan, ta fara karatu da addu'a da iyalinta a gida ran Lahadi da yamma. Maƙwabta suka yi ta zuwa har suka kai 200. Mataimakin fasto ya kai ƙara, maigida ya rubuto ta daina. Ta amsa masa cikin ladabi cewa in yana so a rufe taron, ya ba da umarni kai tsaye, alhakin rayukan ya koma wuyansa. Bai bayar ba.

Da ya rasu a 1735 bai bar mata gida ko dukiya ba. Kaka Susanna ta yi ta zama gidan wannan ɗa zuwa na waccan 'ya, wasu cikin 'ya'yan matan ma aurensu ba daɗi. A ƙarshe ta tare wurin John a Landan, ta rasu ran 23 ga Yuli 1742 tana da shekara 73. Ta roƙi 'ya'yanta su rera zabura ta yabo da zarar ta cika, suka kuwa rera a gefen gadonta. An binne ta a maƙabartar Bunhill Fields.