Abdullahi Mai Kamfas: Taƙaitaccen Tarihin Hugh Clapperton (1788–1827)

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Ƙaura Namoda ya nufi Zurmi, ko kuwa ya miƙa arewa zuwa Shinkafi, to, yana tafe ne a kan ƙasar da fatake da mayaƙa suka daɗe suna ratsawa tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato. A cikin shekarar 1824 wani baƙo ya bi ta wannan ƙasa da waɗansu kayan aiki da ba a saba gani ba, watau kamfas mai nuna arewa, da madubin hangen nesa, da na'urar awon tsayin rana. Mutanen ƙasar Hausa sun san shi da suna Abdullahi, amma sunansa na yanka Hugh Clapperton. Shi ne Baturen farko da ya zo Kano da Sakkwato ya koma gida ya buga labarin abin da ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihinsa a taƙaice, a kuma duba abin da kayan awonsa suka iya yi masa a dajin Zamfara da abin da suka kasa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Clapperton ran 18 ga Mayu, 1788, a garin Annan na ƙasar Sikotilan. Ubansa likita ne. Bai yi zurfi a makaranta ba, sai dai ya sami ɗan ilmin lissafi da na sarrafa jirgin ruwa. Yana da shekara goma sha uku aka sa shi koyon aiki a wani jirgin fatauci mai zirga-zirga tsakanin Libaful da Amurka ta Arewa. Daga bisani ya shiga sojan ruwa na Ingila, ya halarci yaƙin da aka ƙwace tsibirin Morishiyas daga hannun Faransa a 1810, sa'an nan aka tura shi manyan tafkunan Kanada a 1814. Da yaƙe-yaƙe suka lafa ya koma gida a 1817 yana karɓar rabin albashi.

Wannan tasowa ita ce mabuɗin rayuwarsa duka. Matuƙin jirgi a tsakiyar teku ba ya da dutse ko itacen da zai yi alama da shi, dole ya dogara ga rana da taurari da kamfas da lissafi. Da wannan ilmi na teku Clapperton ya shigo hamada da dazuzzukanmu.

Tafiyarsa ta farko

A wancan zamani babban abin da ya dami masana taswira a Turai shi ne kogin Kwara. Sun san yana gudana ta kusa da Tambutu, amma ba su san inda ya ƙare ba. Waɗansu na cewa tafkin Chadi yake faɗawa, waɗansu kuwa na cewa shi ne ya zama kogin Nilu. Gwamnatin Ingila ta aiko mutum uku, Likita Walter Oudney da Dixon Denham da Clapperton. Suka tashi daga Turabulus a 1822, suka ƙetare hamada ta Murzuƙ, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu ran 17 ga Fabrairu, 1823. A Disamba na wannan shekara Clapperton da Oudney suka nufo ƙasar Hausa. Oudney ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824, Clapperton ya ƙaraso Kano ran 20 ga watan.

Ya kamata a ɗan bayyana yadda ake irin wannan awo. Idan rana ta take tsaka, sai a auna tsayinta daga doron ƙasa, a duba littafin lissafi, a fitar da nisan wurin daga tsakiyar duniya zuwa arewa. A teku ana aunawa ne daga inda sama ta haɗu da ruwa. A tudu kuwa itatuwa da duwatsu sukan tare wannan layi, saboda haka sai a zuba zaiba a ɗan faranti, a auna tsakanin rana da hotonta a cikin zaibar, a raba biyu. Sanin nisan wuri zuwa gabas ko yamma ya fi wuya, don yana bukatar agogon da ba ya kuskure, ga shi kuwa agogo ba ya jure wa ƙura da zafi da girgizar raƙumi. Galibi sai matafiyi ya riƙa duba kamfas duk inda hanya ta karkata, yana ƙidaya sa'o'in da aka yi ana tafiya, da dare ya zauna a zango ya haɗa lissafi.

Sakamakon wannan ya fito fili a awonsa. Ya sa Sakkwato a digiri 13 da minti 4 arewa, abin da ya yi daidai da taswirar yau. Amma ta wajen gabas ya sa ta a digiri 6 da minti 12, alhali kuwa tana wajen digiri 5 da kwata ne. Kuskuren ya kusa digiri guda, watau kimanin kilomita 100, tafiyar kwana uku ko huɗu ke nan ga ayari.

Dajin Gundumi da Zurmi

Ya bar Kano ran 23 ga Fabrairu, 1824. Lokacin shekara goma sha shida ke nan da cin Alƙalawa, inda Namoda, wanda Ƙaura take amsa sunansa, ya yi fice. Duk da haka ƙasar ba ta kwanta ba. Gobirawa da waɗansu Zamfarawa suna tawaye, suna tare hanyar da ta ratsa dajin Gundumi, wanda ke yamma da ƙasar Shinkafi da Isa. Saboda haka Clapperton ya yi kwanaki yana jira a wani gari gabas da dajin, sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da mahaya 150 suka shige da shi. Ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi.

Komowarsa ta fi tsanani. Ya bar Sakkwato ran 4 ga Mayu, ana tsakiyar bazara. Don gudun 'yan tawaye ayarin ya saki hanya ya kutsa cikin sarƙaƙiya, aka yi ta tafiya ba hutu, ruwan salka ya ƙare. Waɗansu talakawa matafiya a ƙasa, waɗanda suka raɓu da ayarin don su sami kariyar mahaya, gajiya da ƙishirwa suka kayar da su, suka mutu a hanya. Ga mutum da kamfas a aljihu, yana iya faɗin inda arewa take ko da tsakar dare, amma allurar kamfas ba ta nuna rijiya, ba ta kuma faɗin inda mahara suka yi kwanto. Wannan ilmi yana ƙirjin jagorori da mafarauta da madugai. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Da suka fita daga dajin suka biyo ta Zurmi. Ya bayyana garin da cewa gulbi ya kusa kewaye shi, gaɓarsa dogaye ne masu ƙaya, ga ganuwa da gwalalo, hanyar shiga kuma siririya ce mai lanƙwasa. Ya rubuta cewa bayin da suka gudo daga ko'ina a ƙasar Hausa a nan suke samun mafaka, ya kuma ɗauko baƙin sunan da ake yi wa mutanen garin na rashin amana. Sai mai karatu ya yi hattara da wannan, domin garin da ke karɓar gudaddun bayi ba zai sami yabo a bakin iyayen gijinsu ba. Daga Zurmi ya wuce Katsina da Kano da Kukawa, ya isa Ingila a Yunin 1825.

Taswirar Sarkin Musulmi Bello

Zaman da ya yi a Sakkwato shi ne ƙololuwar rayuwarsa. A cikin kyaututtukan da ya miƙa, kamfas da madubin hangen nesa suka fi ɗaukar hankalin Bello, musamman da aka nuna masa cewa kamfas zai taimake shi gane gabas a lokacin salla. Da Clapperton ya baje taswirar taurari, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji goma sha biyu da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Ashe malamai biyu ne suka haɗu, kowa da irin karatunsa.

Bello ya zana masa kwanciyar Kwara a ƙasa, ya ambaci Funda da Raka a matsayin wuraren da jiragen Ingila za su iya zuwa. Ya kuma ba shi taswira a takarda da rubutun Larabci, da wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri mai bayanin ƙasashe. An buga su duka a Landan a 1826. Sai dai taswirar takardar ta nuna Kwara ta miƙa gabas zuwa Masar, saɓanin abin da Clapperton ya fahimta a baka, cewa kogin teku yake faɗawa. Bugu da ƙari, Bello bai bar shi ya tafi Yawuri da Nufe ya gani da idonsa ba, ya ce hanya ba lafiya. Clapperton ya zargi fataken Larabawa da zuga, don tsoron kada cinikin hamada ya kuɓuce musu. Ko ma mene ne dalili, sarkin da ya ji labarin yadda Ingilishi suka mallake Hindu yana da hujjar yin tunani kafin ya nuna wa baƙo ƙofar ƙasarsa ta ruwa.

Tafiya ta biyu da rasuwarsa

Bai daɗe a gida ba aka sake turo shi, wannan karon ta teku. Da suka iso gaɓa ba su sami Funda ko Raka ba, domin garuruwan nan biyu suna can cikin ƙasa nesa da teku. Ya tashi daga Badagiri a Disamban 1825 tare da baransa Richard Lander. Abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison, suka mutu tun ba a yi nisa ba. Ya bi ta tsohuwar Oyo, ya ƙetare Kwara kusa da Busa, inda Mungo Park ya halaka, ya iso Kano a Yulin 1826.

Ya tarar al'amura sun sake. Bello yana yaƙi da Gobirawa, ga kuma rikici ya ɓarke tsakaninsa da Shehu Laminu. Clapperton kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Shehun Barno. Aka karɓe su, aka hana shi wucewa. Baƙin ciki da zazzaɓi da atuni suka haɗu suka kwantar da shi. Ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827, bai cika shekara 39 ba. Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin, ya kwashe takardunsa ya kai Ingila, aka buga su a 1829. A 1830 Lander da ƙanensa John suka bi kogin a kwalekwale daga Busa har teku, gardamar Kwara ta ƙare.

Kammalawa

Taswirar da Clapperton ya bari aikin hannu biyu ce. Lambobin awo nasa ne, amma sunayen garuruwa da zanguna da rijiyoyi da adadin kwanakin tafiya daga bakin Hausawa da Fulani da Larabawa ya ji su, akasarinsu kuwa ba a rubuta sunayensu ba. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa a 1853, shi ma ayarinsa ya yi makuwa a Gundumi, suka yi tafiyar sa'a 26 ba tsayawa. A 1903 kuma rundunar Ingila da ta ci Kano ta ratso ta Ƙaura Namoda ta tafi ta ci Sakkwato, abin da ke nuna cewa taka-tsantsan ɗin Bello ba na banza ba ne.

Yau wayar hannu tana faɗa wa mutum inda yake tsaye cikin ƙiftawar ido, har da awon gabas da ya gagari Clapperton. Amma a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, direban da zai bi hanyar sai ya tsaya a tasha ya tambayi waɗanda suka fito can ko hanya lafiya, kamar dai yadda Abdullahi ya zauna jiran mahayan Bello a bakin Gundumi a 1824.