Mamman Shata: Mawaƙin da bai buƙaci alƙalami ba

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa da ke jihar Katsina a 1923. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, amma waƙa ta fi ƙarfinsa.

Shata ba ya rubuta waƙa. Da kalangu ya tashi, sai ya kafa gajeren amshi mai sauƙin riƙewa, yaransa su karɓa, shi kuma ya riƙa zuba baitoci nan take. Ba ya tsayawa ga yabon baki kawai: yakan ambaci sunan mutum da garinsu da sana'arsa, har mai sauraro ya ji kamar yana ganinsa. Sarakuna da direbobi da manoma duk sun samu rabonsu.

Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Har gobe ana rera amshinsa.